Injin faskaren da aka ƙera mini a Panteka, bayan rani ɗaya da damina ɗaya

Shekara da shekaru ke nan ina sayar da itacen girki a Kaduna, kuma mafi yawan abokan cinikina masu gidajen burodi ne da masu sayar da abinci da mahauta masu gashi, mutanen da ba su karɓar uzuri idan gari ya waye babu itace a bakin murhu. Samun gungume bai taɓa ba ni wahala kamar faskara shi ba. 'Yan faskaren da nake aiki da su 'yan cin rani ne, da zarar ruwan farko ya sauka sai su saɓa gatari su koma gona, kuma a daidai lokacin ne busasshen itace yake daraja. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin iskar gas kuma ya yi ta hawa, gidajen da suka daɗe da barin murhu suka dawo gare shi, sai aikin ya fi ƙarfin gatari uku.

A YouTube na fara ganin injin da ke yanka gungume ya kuma faskara shi a zama ɗaya. Kamfanonin ƙasar Finlan irin su Hakki Pilke da Palax da Japa, da Posch na Ostiriya, sun yi nisa a wannan ƙira: mutum ɗaya ne yake tsaye, gungume yana shiga ta gefe, zarto ya datse shi, guntun ya faɗa cikin kwami, silinda, wato bututun ƙarfe mai sanda a ciki wadda matsin mai ke turawa, ta tura shi kan wuƙa, bel ya kwashe faskararren ya zuba a mota. Kuɗin irin waɗannan ya fi ƙarfin mai sana'a irina nesa ba kusa ba. Abin da ya ja hankalina shi ne manoman Amurka da Kanada da ke haɗa nasu a gida da tsofaffin ƙarafa. Na ce idan tsohon ƙarfe da walda ne, ai Panteka, kasuwar tsofaffin ƙarafa da masu walda ta Kaduna, ba ta rasa ko ɗaya ba. Na ɗauki waya na nufi rumfar wani mai walda da aka yaba mini aikinsa a kan injinan casa da na niƙa.

Abu na farko da ya sa na amince da mutumin shi ne gardamar da ya yi mini kafin ya karɓi ko sisi. Na je da shawarar a sayi silindar tifa a wurin 'yan gwangwan domin tana da arha kuma tana da ƙarfi. Ya kalli bidiyon sau biyu, sannan ya ce, "Alhaji, silindar tifa turawa kawai ta iya, nauyin bodi ne yake mayar da ita. Idan muka kwantar da ita, wa zai dawo mana da ita?" Haka kuma ya ƙi famfon tifa, wato abin da ke tura mai zuwa cikin silinda, domin an yi shi ne don ya juya a hankali ta giyar mota, alhali ƙaramin injin fetur yana juyi 3,600 a minti. Ya nemo silinda mai aiki gaba da baya daga wata tsohuwar motar ɗaga kaya, faɗin cikinta santimita 10, tafiyarta santimita 60. Famfon kuwa sai da aka yi odar sabo daga Legas, mai mataki biyu, wanda ke tura mai da yawa muddin babu tirjiya, idan kuma wuƙa ta ci karo da itace sai ya rage gudu ya ƙara matsi. Wannan dabara ce ke sa inji mai ƙarfin doki 13, irin kwaikwayon Honda GX390 da ke cike da kasuwa, ya iya aikin da in ba haka ba sai babban inji. Lissafin ba shi da wuya: silinda mai wannan faɗi, a matsin bar 200 (bar ma'aunin matsi ne), tana turi da nauyin da ya kai kimanin tan 16. An kwantar da komai a kan dogon ƙarfe mai siffar H, aka sa masa tayoyin mota biyu domin a iya jansa.

Ta fuskar alkawari ba zan yabe shi ba. Ya ce mako huɗu, na ba da kafin alƙalami na kayan aiki, amma sai da aka shiga mako na goma sha ɗaya injin ya iso filina. Wani ɓangare na jinkirin laifin wutar lantarki ne da jiran famfo, wani kuma nasa ne, don duk lokacin da na leƙa sai in tarar da yaran shagon a kan ƙofar wani ko tagar wani, nawa aikin yana jingine da tamfol a kansa. Wanda zai ba da irin wannan aiki ya raba biyan kuɗi gida uku, kada ya cika sai ya ga injin ya faskara gungumen da shi da kansa ya kawo.

A kwana na huɗu da fara aiki waldar da ta riƙe wuƙar ta tsage. An yanko wuƙar ne daga bakin tsohuwar gireda, ƙarfe mai tauri ƙwarai, aka liƙa ta da sandar walda mai lamba 6013 wadda ake yin ƙofa da gado da ita. Ban ji daɗi ba, amma yadda ya karɓi ƙorafin ya wanke shi a wurina. Da kansa ya zo da janareto, ya kankare tsohuwar waldar gaba ɗaya, ya gasa ƙarfen da wuta har ya yi zafi, ya sake ɗinke shi da sanda mai lamba 7018 wadda ta fi ƙarfi, ya ƙara masa ƙarfen tokara biyu ta baya, sannan ya rufe wurin da yashi domin ya huce a hankali. Bai karɓi kuɗin aiki ba, kuɗin sanda da mai kawai na biya. Daga ranar zuwa yau wurin bai sake motsi ba.

Ɓangaren faskare shi ne inda kuɗina ya fito. Silindar tana zuwa ta dawo cikin daƙiƙa goma zuwa goma sha biyu, kuma ba ta san gajiya ko azumi ba. Turare, wanda wasu ke kira zaiti, ba ya ma bari famfon ya shiga mataki na biyu, wuƙa na taɓa shi yake darewa. Darbejiya da mangwaro suna wucewa lafiya, sai dai mangwaro idan ɗanye ne yana yin zare-zare, dole a bar silindar ta kai ƙarshen tafiyarta kafin ɓangarorin su rabu. Marke, wanda masu burodi suka fi so saboda garwashinsa yana daɗewa, yana sa injin ya sauya murya, allurar gejin matsi ta hau, a ji shiru na ɗan lokaci, sannan ya fashe da ƙara kamar an harba bindigar toka. Inda na fi jin daɗi shi ne gaɓoɓin da reshe biyu suka haɗu da kututturan tsamiya masu murɗaɗɗiyar jijiya, waɗanda a da 'yan faskare ke turewa gefe har su taru su zama tsibi, daga baya in sayar wa masu gawayi a wulaƙance. Yanzu mafi yawansu suna shiga lissafin ciniki. Ƙirya ce kaɗai take gagarar injin a wasu lokuta, kuma ba abin mamaki ba ne ga itacen da ake sassaƙa turmi da taɓarya da shi. Dabarar da muka gano ita ce a daina neman raba ta tsakiya, a riƙa ɓantarar ta daga gefe kamar yadda ake yanka kabewa. Akwai kuma wuƙa mai baki huɗu da ake zurawa a kan ta asalin, amma ba ta da amfani sai a miƙaƙƙen itace mai laushi, don a kan marke tana raba ƙarfin silindar ne har ya kasa komai.

Ɓangaren yanka kuwa, wanda shi ne ya fi burge ni a bidiyo, shi ne asarar da na yi. An ɗaura zarto mai sarƙa a kan wani hannu mai lilo, aka yi kwami mai nadi da gungume zai bi ya iso gare shi. Aikin ƙarfen ba shi da aibu, zarton ma lafiyarsa ƙalau. Kuskuren na tunani ne, kuma nawa ne da na mai waldar baki ɗaya. Waɗancan injina an ƙera su ne domin itatuwan dazuzzukan arewacin Turai, masu tashi sambal kamar turken lantarki, kaurinsu kusan ɗaya daga gindi zuwa kai. Namu itacen a karkace yake, ga ƙusumbi ga reshe, wani gindin mutum biyu ba su ɗaga shi. Gungume ɗaya cikin uku ne yake kwanciya daidai a kwamin, sauran sai an yi ta juyi da sanda, kuma idan bai zauna sosai ba yana matse zarton a tsakiyar yanka. Ga yashin da ke maƙale a ɓawo bayan an jawo itace a ƙasa, wanda ke dakushe haƙoran sarƙa tun kafin azahar. Darbejiyar cikin gari kuma cike take da ƙusoshin da masu shago da masu liƙa takarda suka buga shekaru da suka wuce, itacen ya haɗiye su, ba a ganinsu sai sarƙa ta yi tartsatsi. Bayan wata biyu na kwance zarton daga kan injin, muka koma yanka a ƙasa yadda aka saba, sannan a mirgino guntayen. Da a ce da kuɗin kwamin da nadin aka yi mini hannun ɗaga gungume mai aiki da silinda, da bayan yarana ya huta.

Matsala ta biyu zafi ce. Tankin man haidirolik da ya yi lita 25 kawai yake ci, alhali famfon yana tura kusan lita 60 a minti, wato man yana zagayawa fiye da sau biyu a kowane minti ba tare da ya samu sararin hucewa ba. A watan Afrilu, awa biyu da fara aiki, ba a iya ɗora tafin hannu a kan tankin, silindar ta yi sanyin jiki, mai ya fara tsattsafowa ta bakin roba. Sai da aka sake tanki mai faɗi wanda ya ninka na farkon, aka koma mai mai lamba 68, wanda ya fi kauri, maimakon 46, aka kafa rumfa, sannan abin ya daidaita. Haka nan murfin tankin rami ne kawai aka huda masa domin shan iska, kuma duk wanda ya san ƙurar hunturu ya san abin da zai shiga ta nan. Ni na sayo matatar iska na sa aka ɗaura.

Inda na fi ganin gazawar rumfar shi ne kariya. Injin ya iso da mahaɗar inji da famfo a buɗe tana juyi, wurin da zai iya naɗe bakin riga cikin ƙiftawar ido, kuma da na yi magana sai wani yaron shagon ya ce ai mai hankali ba zai kai hannu ba. Na sa aka yi mata murfi. Bawul ɗin da ke sakin matsi idan ya wuce ƙa'ida shi ma an bar notinsa a fili. Wata ranar Asabar wani yarona ya ga ƙirya ta ƙi tsagewa, ya ɗauki sifana ya ƙara ɗaure shi, sai tiyo ya fashe, zazzafan mai ya yi feshi har kan katanga, Allah ya tsare babu wanda yake tsaye ta wannan gefen. Tun daga ranar na sa aka rufe notin da kwano aka sa kwaɗo, na kuma hana kowa laluben yoyo da hannu, domin man da ke fita ta ƙaramar huda a irin wannan matsi yana iya huda fata ya shige cikin nama, kuma raunin yakan kai ga tiyata. Da guntun kwali ake nema. Dokar filin yanzu ita ce wanda ya ɗora gungume shi ne yake jan libar da ke tura silinda, ba a raba aikin tsakanin mutum biyu, kuma ana riƙe itace ta gefe, ba ta goshi ba.

Ban sallami ko ɗaya daga cikin 'yan faskarena ba. Babbansu, wanda da farko ya ƙi ko kallon injin, shi ne yanzu yake karanta gungume ya faɗi ta inda za a sa wa wuƙa, don shekarun da ya yi da gatari sun koya masa ganin tsaga tun ba ta bayyana ba, kuma gungumen da ya saita ba ya cin rabin lokacin da na sabon yaro ke ci. Fetur shi ne babban abin da injin yake ci, saboda haka ba ma tayar da shi sai an yanka an tara guntaye masu yawa a gefensa, siraran rassa kuma har yanzu gatari ya fi sauri a kansu.

Ga wanda yake sayar da itace da yawa, ko mai gidan burodin da ke sayen gungume da mota, ina ganin ya dace ya ba da aikin ɓangaren faskare, ya nace a kan famfo mai mataki biyu, da geji, da babban tanki, da murfin duk abin da ke juyi, tun a wurin ciniki. Ɓangaren zarto ya bar shi, sai fa idan turare kaɗai yake saye daga gonar da aka dasa a jere. Mai waldar nan zan sake komawa wurinsa, kuma na riga na koma: kwamin da na kwance yana rumfarsa yanzu, za a yanka shi a yi hannun ɗaga gungumen da shi. Ya ce mako biyu, ni kuma na sa ran ganinsa bayan an yi girbi.