Hattara da masu tallar "eriyar tashoshi 500 kyauta"

Jama'a, akwai wata talla da ke yawo a intanet ta 'yar ƙaramar eriya, wani lokaci sanda ce mai maganaɗisu a gindi, wani lokaci falle ne da ake mannawa a taga. Wai tana jawo sigina daga nisan kilomita 500, ta kamo ɗaruruwan tashoshi, har da na ƙwallo da ake biya wa kuɗin wata. Ƙarya ce tsagwaronta, kada ku tura kuɗinku.

Talabijin na dijital kyauta akwai shi, amma eriya ba ta ƙirƙiro tasha. Abin da turken watsa shirye-shiryen yankinka ya saki shi za ta kama. In 15 ne a iska, 15 ɗin za ka gani ko da wace irin eriya ce. Tashoshin biya kuwa a kulle suke, sai da dikodar kamfanin. Waɗanda ke zuwa ta tauraron ɗan'adam ma yawanci a zangon gigahaz 10.7 zuwa 12.75 suke, sai da dish da LNB, wato 'yar na'urar karɓar sigina da ke gaban dish ɗin, alhali eriyar gida tana aiki ne a UHF, daga megahaz 470 zuwa wajen 700.

Batun nisa shi ya fi tona musu asiri. Siginar UHF a miƙe take tafiya, ƙasa kuma a lanƙwashe take. Ko babbar eriyar kan rufi, a fili marar duwatsu, da wuya ta riƙe hoto daga turken da ya haura kilomita 100. Ta cikin ɗaki, bango da kwanon rufi sun riga sun cinye mata ƙarfi. "4K" da "HD" da aka rubuta a kwali ado ne kawai. Na'urar kama tasha da ke cikin talabijin ita ke wannan aikin. In talabijinka ba shi da DVB-T2, tsarin da yawancin ƙasashen Afirka da Turai ke amfani da shi, ƙaramar dikoda kake buƙata, tsohuwar eriyarka ta UHF ta isa.

Dubi kuma lambar ƙarfin da suke rubutawa, irin su 36 dBi (dBi ma'aunin ƙarfin jawo sigina ne na eriya). Eriyar waje mai haƙarƙari, ta kirki, tsakanin 10 da 15 take. Sauran daga busta, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina, suka ƙirgo, ita kuwa busta da sigina da hayaniya duk take ƙarawa. In kana kusa da turke sai ta cika talabijin da ƙarfi, tashoshin da kake kamawa ma su ɓace. A nan ne zagaye na biyu na damfarar yake: ka kai ƙorafi, a ce yankinka ne ba sigina, ka sayi busta mai ƙarfi. Bidiyon gwajinsu ma ba hujja ba ne, tunda ba ka ga inda aka ɗauke shi ba, ba ka ga bayan talabijin ɗin ba.

Kafin ka sayi komai, nemi sanin inda turke yake da jerin tashoshin da yake watsawa kyauta. Kafa eriya sama da rufi, ta fuskance shi, haƙarƙarin a kwance ko a tsaye daidai da yadda tashar ke watsawa. Sa waya RG6 mai om 75, gajeriya gwargwadon iko, ka naɗe mahaɗar kada ruwa ya shiga. Raba waya gida biyu na zubar da wajen dB 3.5, wato sama da rabin ƙarfin sigina kaɗan, a kowane ɓangare. Duk juyin da ka yi wa eriya, duba ma'aunin ingancin sigina, ba na ƙarfi kaɗai ba, sannan ka sake binciken tashoshi.