Sharhi: Motar Rimot Mai Shan Man Nitro a Hannun Sabon Shiga

Motar rimot mai injin nitro ba irin abin wasan nan ba ce da ake cirowa daga kwali a sa batir a tafi. Injin gaske ne a cikinta, mai fistin da kafireta da kuloci da salansa, sai dai ƙarami ne, kuma yana juyawa fiye da sau 30,000 a minti ɗaya. A kan T-Maxx 3.3 ta kamfanin Traxxas na gina wannan sharhi, saboda tana cikin waɗanda masu farawa suka fi ɗauka tun fitowar T-Maxx ta farko a 1999. Girmanta kashi 1 cikin 10 na babbar mota ne, tayoyinta huɗu duka suna ja, giyarta biyu, tankinta na cin cc 125. Abin da zan faɗa game da kula da ita ya shafi kusan duk motocin nitro masu wannan girma.

Hukuncina a taƙaice: motar tana da ƙarfi, tana jure wahala, kayan gyaranta ba sa wuyar samu, kuma littafin da ke zuwa da ita ya cancanci a karanta shi daga farko har ƙarshe. Amma gudu da tsalle ba su ne suka fi kashe injinta ba. Abu uku ne ke kashe shi: gaggawa a tankuna biyar na farko, rage wa kafireta mai fiye da kima, da ajiye motar bayan wasa ba tare da an yi mata komai ba.

Mu fara da man, domin wanda bai fahimce shi ba zai yi ta juya allurar kafireta, wato sukurun daidaita shigar mai, a banza. Ba fetur ba ne. Mafi yawansa metanol ne, sai sinadarin nitrometen, wanda ake taƙaitawa da nitro, yawanci kashi 10 zuwa 33 cikin 100, sai man shafawa, ko dai man zurma ko na haɗi ko duka biyun. Injin ba shi da wani wurin zuba baƙin mai; man shafawar da ke cikin man da yake sha shi ne ke jiƙa fistin da boris, kuma shi ke kwashe wani ɓangare na zafin ya fita da shi ta salansa. Saboda haka duk lokacin da ka rage man da ke shiga, ka rage man shafawa da sanyaya a lokaci guda. Ga mai farawa, mai kashi 20 ya wadatar. Ka zaɓi iri ɗaya ka tsaya a kansa, domin kowane canji sai an sake daidaita kafireta. Metanol yana zuƙar danshi daga iska, don haka murfin kwalba ya kasance a rufe gam, a ajiye ta a inuwa. Guba ne kuma, harshen wutarsa ma da ƙyar ake ganinsa da rana. Ba a busa tiyon mai da baki, ba a tayar da injin a cikin ɗaki.

Fuloginsa ma daban yake. Ba ya ba da tartsatsi. Wata 'yar siririyar waya ce a naɗe a cikinsa, mai haɗin filatinam. Batir ne ke sa ta yi ja a farko, bayan inji ya tashi kuma zafin ƙonewa da haɗuwar metanol da filatinam ɗin ne ke riƙe ta da ja. Wannan motar tana da na'urar tayarwa ta lantarki da ake kira EZ-Start, wadda ke juya injin ta kuma kunna fulogi a lokaci ɗaya. Ga sabon shiga wannan sauƙi ne babba, duk da cewa tana ƙara nauyi, kuma boris ɗinta mai juyawa gefe ɗaya yakan fara sulɓewa idan mai ya jiƙa shi. Alamar ita ce ka ji na'urar tana kuka amma injin ba ya juyawa. A cire a wanke shi da barasar goge kaya, sau da yawa yakan dawo daidai.

Sai horon sabon inji, inda ya kamata a daɗe. Fistin ɗin ba shi da zobe. Silindar ce aka yi ta da ɗan matsewa daga sama, ta yadda idan inji yana da sanyi fistin zai cije a can ƙololuwa, idan ya yi zafi kuma ƙarfen ya buɗe su yi daidai da juna. Wannan cijewar ita ce ƙarfin injin gaba ɗaya. Horon shi ne a bar su su goge juna a hankali, da zafi, da wadataccen mai. Tsarin da kamfanin ya bayar tankuna biyar ne a shimfiɗaɗɗen fili mai tauri: na 1, a ja totur zuwa rubu'i na daƙiƙa 2 a tsaya, a yi ta maimaitawa; na 2, zuwa rabi na daƙiƙa 2; na 3, rabi na daƙiƙa 3; na 4, totur duka a cikin daƙiƙa 3; na 5, totur duka na daƙiƙa 5. Bayan tanki na 1 da na 2 a bar inji ya huce minti 15. Aikin yana da gundura, ba shakka, kuma motar za ta yi ta mutuwa tana tofar da mai ta salansa. Haka ake so. Kada a bar tanki ya ƙare ƙarƙaf yayin horo, domin a daƙiƙun ƙarshe iska ce ke shiga maimakon mai, injin sai ya yi ƙara sama ya ɗau zafi. Kuma duk lokacin da aka kashe shi, a juya filawul da yatsa har fistin ya sauka ƙasa, kada silinda ta huce ta matse shi a sama. Wasu suna horar da inji ta hanyar barinsa a silo tanki bayan tanki yana tsaye wuri ɗaya. Ban ga hikimar hakan ba: injin ba ya kai zafin da silinda za ta buɗe, sai matsewar ta yi ta cin fistin tana wahalar da sandar da ke haɗa shi da karanshaf.

Kafireta tana da wuraren juyawa uku. Babbar allura tana kula da mai a tsakiyar totur zuwa ƙarshensa. Ƙaramar allura tana kula da silo da tashin farko. Sukurun silo kuma yana tsayar da 'yar kafar da ke ragewa a buɗe idan an saki totur, kimanin milimita 0.7 zuwa 1. Juyawa yadda hannun agogo ke tafiya yana rage mai, akasin haka yana ƙarawa. A wannan injin, saitin masana'anta na babbar allura shi ne juyi 4 daga rufe. Ka rubuta wannan a wani wuri, domin ranar da ka rikice, can za ka koma ka faro. Idan za a rufe allura don ƙirga juyi, a tsaya da zarar ta taɓa. Matse ta da ƙarfi yana lalata bakinta.

Ba a daidaita inji mai sanyi. A zagaya da motar minti biyu ko uku tukuna, sannan a fara da babbar allura, ana ragewa kashi 1 cikin 16 na juyi a kowane karo, a yi gudu sau biyu ko uku a gani. Idan mai ya yi yawa, motar takan yi nauyi, muryarta ta kumbura, hayaƙi ya yi kauri, giya ta biyu ta ƙi shiga. Idan ya yi kaɗan, muryar takan yi siriri da kaifi, hayaƙi ya ɓace, injin ya yanke a tsakiyar gudu kamar an shaƙe shi. Tarkon da masu farawa ke faɗawa a nan yake: kafin a kai wurin haɗari, kowane ragi yana ƙara wa motar gudu, sai mutum ya ɗauka gwaninta ce. Ka kai inda gudun ya daina ƙaruwa, sannan ka mayar da allurar baya kashi 1 cikin 8. Dole a riƙa ganin shuɗin hayaƙi yana bin motar idan an ja totur.

Ƙaramar allura da gwajin matse tiyo ake gane ta. Inji yana silo, a matse tiyon mai kusa da kafireta da yatsu. Idan ya ci gaba daƙiƙa 2 zuwa 3, ya ɗan ɗaga murya, sannan ya mutu, to daidai ne. Idan ya mutu nan take, mai ya yi kaɗan. Idan ya wuce daƙiƙa 4 ko 5 yana tafiya, ya yi yawa.

Ma'aunin zafi irin wanda ake haskawa daga nesa ya fi duk wani kayan ƙawa da za a saya wa motar amfani. A auna a kan fulogi, ta saman kan injin. Iyakar da kamfanin ya sa ita ce digiri 270 a ma'aunin Faranhait, wato kusan 132 a ma'aunin Salshiyas. Sai dai lamba ba ita ce ke daidaita inji ba, gargaɗi kawai take yi. Kunne da hayaƙi su ne alƙalai. Kuma saitin jiya ba lallai ya yi yau ba. Iska mai sanyi ta fi kauri, tana buƙatar ƙarin mai. A rana mai zafi ko wuri mai tudu sosai sai an ɗan rage.

Idan saiti ya ƙi zama, yau daidai gobe hauka, a bar allura haka nan a nemi inda iska ke shiga. Tiyon siliki yakan tsage a bakin da ya shiga ƙarfe, murfin tanki yakan daina rufewa, tiyon da ke ɗauko matsi daga salansa zuwa tanki yakan fice, ƙasan kafireta ko murfin bayan inji yakan saki. Kumfa a cikin tiyon mai alama ce. Idan kuma inji ya ƙi tashi ko ya mutu da zarar an cire wutar fulogi, a fara zargin fulogin: a ciro shi a haɗa da wuta, wayar ta yi jajir gaba ɗayanta. Wadda ta lanƙwashe ko ta yi fari-fari ta gama aiki, kuma yawan ƙonewar fulogi shi kansa shaida ce cewa mai ya yi kaɗan. Biyu ko uku na ajiya su kasance a akwatin kaya, kuma kada a manta da washar tagulla idan za a mayar.

Akwai kuma cikewar silinda da mai, inda inji ke cijewa ya ƙi juyawa sam. Kada a tilasta shi. A cire fulogi, a kife motar, a rufe ramin da tsumma, a juya injin 'yan daƙiƙu man ya fita, ana kawar da fuska.

Iyakilina, wato matatar iskar da ke bakin kafireta, ƙaramin soso ne, amma shi ke tsakanin ƙura da fistin. A wanke shi bayan kowace awa ɗaya ta gudu, ko kafin haka idan wurin yana da ƙura: sabulun wanke kwano da ruwa, a matse ba a murɗa ba, a bar shi ya bushe sarai, sannan a ɗiga masa man iyakilina a murza har launin ya game ko'ina ba tare da yana zuba ba. A goge kewayen kafireta kafin a cire shi, a ɗaure shi da igiyar roba idan an mayar. Tafiyar minti kaɗan ba tare da shi ba ta isa ta cinye matsewar da aka sha wahalar horarwa.

Sauran jikin motar bai da wuyar sha'ani. Girgiza tana kwance sukurori, musamman na mazaunin inji da na salansa, don haka duk inda ƙarfe ya shiga ƙarfe a sa shuɗin gam na sukuru. A cikin roba ba a sa shi. Tsakanin haƙoran ƙararrawar kuloci, wato ƙoƙon ƙarfen da ke rufe kuloci, da na babbar giya ta roba a bar 'yar kafa: a saka siririyar takarda a tsakaninsu, a matse, a ɗaure inji, a zare takardar. Idan sun matse da yawa boris ɗin kuloci zai ƙone, idan sun yi sako-sako haƙoran robar za su ƙare. A duba gam ɗin taya da yoyon shokazoba. Batirin da ke cikin motar, wanda ke ba na'urar karɓar umarnin rimot wuta, kuma ba abin wasa ba ne: motar lantarki idan batirinta ya mutu tsayawa take, ta nitro kuwa tana iya ci gaba da gudu totur a buɗe babu mai riƙe da ita. A kunna rimot kafin motar, a kashe shi bayanta, a gwada birki kafin a tayar da inji, a kuma sa sifirin da ke mayar da totur.

Ga wanda ke son ya yi caji ya yi gudu ya ajiye, mai batir ta fi masa, kuma a yau da yawansu sun fi ta nitro saurin tashi. Wannan ta mai son ƙarar inji da riƙe sukundireba ce, wanda ba zai ji ƙyashin minti goman da ke biyo bayan kowane wasa ba. A minti goman nan ana zuƙe man da ya rage a tanki, a tayar da inji ya ƙone na cikin tiyo har ya daina amsawa, domin ragowar metanol tana jawo danshi, ragowar nitro kuma tana barin tsami da ke sa boris tsatsa cikin 'yan kwanaki. Sai a cire fulogi da iyakilina, a ɗiga man adana inji kaɗan a ramin fulogi da bakin kafireta, a juya injin 'yan daƙiƙu ya game ciki, a mayar da komai, a sauke fistin ƙasa. Jikin motar kuma da burushi da tsumma da barasar goge kaya ake tsabtace shi tun man salansa bai daskare da ƙura ba, ba da tiyon ruwa ba, kuma a cire batura idan za ta kwana biyu a ajiye.