Sharhi Kan Gwajin Rina Tsoka da Muka Yi wa Yayata Kafin a Fara Maganin Sankarar Mama

Ranar da sakamakon gwajin farko ya tabbatar da cewa kullutun da ke maman yayata sankara ne, na ɗauka washegari za a fara ba ta magani, sai likitan da ke duba ta ya ce ba zai rubuta komai ba sai an yi wani gwaji na biyu a kan tsokar da aka riga aka ciro. Sunan gwajin imiyunohistokemistiri, amma a asibiti kowa IHC yake ce masa. Na yi wannan rubutu ne saboda mun biya kuɗinsa, mun jira sakamakonsa, mun kuma ga yadda ya sauya maganin da aka ɗora ta a kai, kuma ina ganin duk wanda ke jinyar mai irin wannan cuta ya kamata ya san abin da zai tarar.

Abin da aka fara ba ni shi ne wani ɗan dunƙulen kaki fari a cikin ƙaramin gida na roba da bai kai girman kwalin ashana ba, kuma a tsakiyarsa ana hango ɗan zaren tsoka kamar tsinken tsintsiya. Ma'aikaciyar da ta miƙo mini shi ta ce, "Malam, kada ka bar shi a mota cikin rana, kakin zai narke, idan ya lalace sai an sake huda Hajiya." A watan Afrilu muke, zafi ya kai intaha, saboda haka na sa shi a aljihun gaban rigata har na isa ɗakin gwaje-gwajen mai zaman kansa da aka tura mu.

Yadda aikin yake, kamar yadda likitan binciken tsoka na wurin ya bayyana mini, shi ne ana yanko tsokar siriri ƙwarai, kaurin da bai wuce maikuron 4 ko 5 ba (maikuron ɗaya kashi 1 ne cikin 1,000 na milimita), a shimfiɗa a kan gilashi, sannan a zuba wasu sinadaran garkuwar jiki da aka kera don kowanne ya manne wa furotin guda ɗaya tak. Duk inda sinadarin ya kama, wurin yakan rine ya koma ruwan ƙasa. A sankarar mama abubuwa uku ake nema da farko: ER da PR, waɗanda ke nuna ko cutar tana samun ƙarfi daga sinadaran jikin mace, wato istirojin da furojestaron, sai HER2, furotin da yawansa ke sa cutar saurin yaɗuwa. An ƙara mana da Ki-67, wanda ke auna yawan ƙwayoyin sankarar da ke kan hayayyafa.

Abin da ya fi burge ni a wurin nan shi ne likitan bai tsaya ga miƙa takarda kawai ba. Da na koma karɓar sakamako bayan kwana 9, ya juyo da allon kwamfutarsa ya nuna mini hoton gilashin ER, inda na ga ƙwayoyi jere da juna, tsakiyar mafi yawansu ta rine da ruwan ƙasa mai duhu, 'yan kaɗan suka rage da shuɗi. Ya kuma nuna mini wani ɗan guntun tsoka a gefen gilashin, wanda suka riga suka san yana ɗauke da furotin ɗin, ya ce da shi suke tabbatar da cewa rinin ya kama yadda ya kamata, domin idan bai rine ba, to sakamakon duka abin zubarwa ne. A ƙa'ida, ko kashi 1 cikin 100 na ƙwayoyin ne suka rine, ana ɗaukar ER yana nan, na Yaya kuwa ya zarce haka nesa ba kusa ba.

Inda muka sha wahala shi ne HER2. Ana ba shi maki ne daga 0, 1+, 2+ zuwa 3+, kuma namu ya fito 2+, wanda ke nufin ba a ce eh ba, ba a ce a'a ba, sai an ƙara wani gwaji mai suna FISH da ke duba ƙwayar gado kai tsaye. A nan ne nake da ƙorafi na gaskiya. Babu wanda ya sanar da mu tun ranar biyan kuɗi cewa hakan na iya faruwa, kuma ɗakin gwajin ba ya yin FISH da kansa, sai dai ya aika wani gari, wanda ya jawo ƙarin kuɗi da ƙarin jiran kusan mako uku. Mako uku ga mai sankara da iyalinta ba ƙaramin abu ba ne, kullum da daddare Yaya takan kira ni ta ce, "Ƙanena, har yanzu shiru?" Da an faɗa mana da wuri, da mun tanadi kuɗin, mun kuma shirya zukatanmu.

Duk da haka, da sakamakon ya dawo yana nuna babu yawan HER2, na fahimci amfanin jiran. Da a ce ya nuna akwai yawan HER2, da sai an nemi allurar trastuzumab, wadda ake yi tsawon shekara guda, mai tsadar gaske, kuma sai ana duba lafiyar zuciya a kai a kai. Da babu ER, PR da HER2 gaba ɗaya, nau'in da likitoci ke yawan gani a matan Afirka ta Yamma, da kemo, wato magunguna masu ƙarfi da ke kashe ƙwayoyin sankara, shi ne kusan kaɗai abin dogaro. Tun da nata mai ER ne kuma ba ta daina al'ada ba, bayan tiyata da kemo an ɗora ta a kan ƙwayar tamoxifen, guda ɗaya kullum, na aƙalla shekara 5.

Wani abu da likitan ya jaddada, wanda ban taɓa tunaninsa ba, shi ne ingancin rinin yana farawa ne tun daga ɗakin tiyata. Dole a jefa tsokar cikin ruwan fomalin, mai hana ta ruɓewa, kafin awa guda da cirewa, ta zauna a ciki tsakanin awa 6 zuwa 72, idan aka saɓa wa haka furotin ɗin yakan lalace, a ba mace sakamakon cewa ba ta da ER alhali tana da shi, ta rasa maganin da zai taimake ta. Saboda haka ranar babbar tiyatar Yaya na tsaya a ƙofa na roƙi ma'aikacin jinya ya rubuta lokacin da aka sa tsokar a ruwan a jikin takardar, ya kuwa rubuta. Dunƙulen kakin na farko ma na koma na karɓo shi, yana nan a ajiye a wuri mai sanyi a gida, domin likitan ya ce ana iya sake yanka daga jikinsa ko bayan shekaru idan buƙata ta taso.