Lutheran Service Book: magajin littafin waƙoƙi na 1941

Cocin Lutheran na Missouri Synod a Amurka ya fitar da wannan littafin waƙoƙi da sujada a 2006, ya maye gurbin na 1982, wanda ikilisiyoyi da dama suka ƙi karɓa, suka riƙe na 1941 gam. An ko lallashe su: cikin tsarin sujada biyar, na uku kusan na 1941 ne.

Lambobinsa ne abin yabo. Zabura 1 zuwa 150, sujada daga shafi na 151, waƙoƙi daga 331 zuwa 966, saboda haka ba a ruɗa shafi da waƙa. Sai dai ba duka zaburan ke cikin bugun jama'a ba, dole mai jagora ya duba kafin Lahadi. Mai kaɗa ogan (kayan kiɗan coci) kuwa, nasa bugun daban ake saye.