Yankari ko fadamun Nguru: ina ya kamata mai neman hutu ya kai kyamararsa?

Wani ɗan'uwa da ke aikin banki a Kano ya ce aiki ya sha masa kai, yana so ya fara ɗaukar hotunan daji ko zai samu sa'ida. Hutun kwana huɗu gare shi, sai waya mai kyau a hannu, yake tambaya: Yankari ko fadamun Hadeja da Nguru?

Malam, in da waya kaɗai za ka tafi, Yankari ce taka. Tana ƙaramar hukumar Alkaleri a jihar Bauchi, faɗinta ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma tun 1962 ake karɓar baƙi, don haka akwai masauki da jagorori. A sansanin Wikki ba sai ka nemi dabba ba, ita za ta neme ka. Gadu na kiwo a bakin ɗakuna, gogo kuwa har leda yake fizgewa, sai ka riƙe wayarka da kyau. Giwa da ɓauna da gwanki sai an shiga daji da mota, an fi dacewa da su daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ruwa ya ƙafe suka taru a kogin Gaji. Da yamma ka faɗa ruwan Wikki, wanda ɗuminsa ke kusan digiri 31 rani da damina.

Aibin Yankari a wurina shi ne gaggawa. Kana cikin mota da mutane, direba ya tsaya minti biyu, kowa ya ɗaga waya, an wuce. Wanda ya gudo daga layin kwastomomi zai iya jin kamar bai bar ofis ba.

Nguru wata duniya ce daban. Can harkar tsuntsaye ce. An sa tafkin Nguru cikin jerin Ramsar, wato jerin dausayi masu muhimmanci a duniya, a 2000, ga kuma Dagona a ƙasar Bade, inda agwagin Turai ke sauka da hunturu, wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, su cakuɗu da kirinjijiya da ɗinya da zalɓe na gida. Za ka yi asubanci, masunci ya tura ka a kwalekwale, ku laɓe a bakin kacala ku yi tsit. Tsuntsu ba ya son motsi. Ka ɗaga hannu da garaje, garken ya tashi. Sai ka wayi gari ka yi awa biyu ba ka tuna da wani shugaba ko lissafin ƙarshen wata ba, domin ido da kunne duk suna kan zalɓen da ke jiran kifi. Ni dai a nan na ga maganin gajiyar ƙwaƙwalwa, fiye da a motar Yankari.

Sai dai waya za ta ba ka kunya. Agwagwar da ka gani ƙarara da ido za ta fito ɗigo a hoto, in ka ja zum kuma ta dagargaje. Tsuntsu na buƙatar kyamara mai dogon gilashi, milimita 300 ko 400, ga hazo da ke dusashe hoto, ga ƙura mai shiga ko'ina. Ruwan ma ba kamar da ba, tun da madatsun Tiga da Challawa suka rage ambaliyar da ke cika fadamun, shi ya sa ake tambayar mutanen wurin inda ruwa yake, da lafiyar hanya, kafin a tashi.

Shawarata, wannan hutun ka tafi Yankari da wayarka, ka roƙi jagora ya fita da kai da sassafe kafin rana ta yi ƙarfi. In ka dawo hannunka na ƙaiƙayi, ka ari kyamara ka gwada kan balbelar da ke bin shanu a bayan gari, Nguru kuma ka ajiye ta sai Disamba.