Na kalli Ishtar, fim ɗin makahon raƙumi

Na daɗe ina jin sunan Ishtar a bakin masu sharhin finafinan Amurka duk lokacin da ake maganar asara, amma sai makon jiya na samu na zauna na kalle shi daga farko har ƙarshe. Fim ne na barkwanci wanda kamfanin Columbia ya fitar a watan Mayun 1987. Elaine May ce ta rubuta labarin ta kuma ba da umarni, Warren Beatty da Dustin Hoffman ne jaruman.

Labarin wasu abokai biyu ne a birnin New York, Lyle (Beatty) da Chuck (Hoffman), waɗanda Allah bai ba su murya ba, bai kuma ba su basirar tsara baiti ba, amma sun sakankance cewa duniya su take jira. Rabin sa'ar farko ta ba ni dariya har da hawaye. Akwai inda suke zaune gaban fiyano suna haɗa waƙa, ɗaya ya jefo baitin da ba kai ba gindi, ɗayan ya lumshe ido yana gyaɗa kai kamar ya ji hikimar da ba a taɓa faɗa ba. Paul Williams ne ya tsara yawancin waƙoƙin, kuma da gangan ya ɓata su, abin da ba ƙaramin gwani ke iya yi ba, domin sai waƙar ta kusa yin daɗi sannan ta zame. Na kuma ji daɗin yadda aka juya jaruman: Beatty, wanda aka sani da farin jini wajen mata, shi ne dolo mai jin kunya, Hoffman kuwa shi ke ɗaukar kansa gwanin zance.

Da aka samar musu aikin waƙa a wani otal a Maroko sai labarin ya fara sakwarkwacewa. Sun tsinci kansu tsakanin jami'in leƙen asirin CIA da 'yan tawayen wata ƙagaggiyar ƙasa mai suna Ishtar, ana ta rububin wata tsohuwar taswira wadda ni dai ban damu da wanda zai same ta ba. Larabawan cikin fim ɗin ma an mai da su abin zolaya kawai, kuma wannan ya dame ni. Abin da ya riƙe ni shi ne Charles Grodin, wanda ya fito a matsayin jami'in CIA mai shirga ƙarya da sanyin murya, sai makahon raƙumin da Lyle ya saya bisa kuskure yana bangazar mutane a kasuwa, da wurin da ungulaye ke sauka kusa da su a sahara alhali da sauran numfashinsu.

Wahalar da aka sha wajen shirya shi ta fi labarin kansa rikici. A lokacin kamfanin Coca-Cola ke da mallakar Columbia, kuma Coca-Cola ɗin yana da kuɗi a Maroko waɗanda bai iya fitarwa ba, wannan na cikin dalilan da suka sa aka kai aikin can a watan Oktoban 1985. May mace ce mai maimaita ɗauka sau da yawa, ta yi ta samun saɓani da mai ɗaukar hoto Vittorio Storaro, da kuma Beatty, wanda shi ne furodusa. Aikin tacewa ya ja lokaci har aka ɗage fitowar fim ɗin daga ƙarshen 1986. Ana cikin haka David Puttnam ya zama shugaban Columbia, mutumin da dama ba ya ga maciji da jaruman biyu. Kafin kowa ya ga fim ɗin jaridu sun riga sun cika da lissafin kuɗin da aka kashe, wajen dala miliyan 51, abin da ya dawo daga gidajen sinima a Amurka kuwa bai wuce miliyan 14 da 'yan kai ba.

A ganina kuɗin aka yanke wa hukunci fiye da fim ɗin. Yana da rauni a tsakiya, amma na kalli finafinan barkwanci da dama da suka yi kasuwa waɗanda ba su kama ƙafar rabin sa'arsa ta farko ba. Nauyin asarar kuma a kan May ya faɗa, domin Beatty da Hoffman sun ci gaba da harkarsu, ita kuwa ba ta sake ba da umarnin fim na sinima ba.