Bashin Amana ko Bashin Rubuce?

A Babbar Kasuwar Sakkwato za ka ga mai shago ya ɗora wa yaronsa buhunan shinkafa zuwa Illela, ba takarda ba shaida, sai "Allah ya kiyaye hanya". Ciniki ya yi sauri, marar jari ya samu abin farawa. Matsalar sai ranar da mutuwa ta ratsa, magada su zo da nasu lissafin, a ƙare gaban alƙali.

Rubutu kuwa, wasu zargi suke ɗaukarsa: "Haba Alhaji, ba ka yarda da ni ba ne?" Alhali aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cewa ta yi a rubuta bashi. Ni kam ko ƙanena ne, sai na buɗe littafi.